Lallen da Na Zubar

Asabar, bayan isha'i

Wata guda na hana kaina lalle don kada na'urar zaɓe ta ƙi karanta yatsana kamar wancan karon. Bikin ƙanwata ma da hannu fari na je, ana ta yi mani tsiya. Yau ta karanta, na dangwala, na jefa.

Ban kai bakin titi ba 'yan ƙauraye suka diro daga babura da adduna. Malam Lawal tela, maƙwabcinmu, ya rungume akwatin zaɓen. Suka sare shi a kafaɗa, suka fasa mashi kai, suka watsa wa ƙuri'un fetur suka ƙyasta ashana. Da mayafina na ɗaure mashi raunin, yana nishi yana tambayata, "Maman Usman, kin dai samu kin jefa?" Na ce na jefa. Ban faɗa mashi tawa na cikin wutar ba.

Baban Usman ya ce, "Kin ga abin da ya sa ba ni fita."

An ce za a sake zaɓen mazaɓarmu. Lallen da na kwaɓa da safe don in sa yau, na zubar da shi a kwata.