Yatsan Zahari a Tukunyar Madara

Borovo, 6 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Nevena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da mijinki, da fatan ruwan saman Leeds bai jiƙa ku har ƙashi ba. Mu nan lafiya lau. Tumaki sun haihu, madara ta wadata, babanki Zahari yana nan yadda kika bar shi, yana faskare yana faɗa da rediyo.

Kin ce a gidan tsofaffin da kike aiki, Turawa ba sa wuce mutum sai sun tambaye shi yadda yake ji, da kalma guda, ko ƙafa ke ciwo ko rai ne ya ɓaci. Ke ma kin kwaso halin, wasiƙa uku kina tsare ni da tambayar. To, ga amsa: raina lafiya, yatsuna ne suka mutu. Likita a birnin Smolyan ya ce ciwon suga ne. Suna motsi, amma zafi da sanyi duk ɗaya ne a wurinsu, a hannu biyun.

Ba ciwon ne ya dame ni ba, kindirmo ne. Kin san yadda ake yi: a tafasa madara, a bar ta ta huce, a tsoma ƙaramin yatsa a ƙirga goma. In an jure da ɗan cizo, ta yi, sai a zuba cokalin iri daga kindirmon baya. Sau biyu ke nan ina ɓatawa. Na farko na zuba da zafi na kashe irin, na biyu don tsoro na bari ta yi sanyi, ya fito ruwa tsululu. Saura kwalba ɗaya tak a ɗakin ƙasa, kuma ba za ta wuce kwana goma da rai ba. Irin nan kakata ta zo da shi ranar aurenta, bai taɓa yankewa ba sai ga shi zai yanke a hannuna. Na gode da ma'aunin zafin da kika aiko, amma mahaifiyata ba ta bar min lamba ba, yatsa ta bar min.

Kada ki gaya wa babanki. Shi ya ɗauka tumakin ne suka ci mugun ganye.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Tsvetana

Borovo, 12 ga Afrilu

'Yata Nevena,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya ciwon bayan naki?

Ashe tsohon nan ya sani. Ranar Laraba ya gan ni na sauke tukunya ba tsumma, tafin hannuna ya ƙone ya tashi ban kula ba. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya ce, "Tsohuwa, shekara arba'in da huɗu ina cin kindirmonki a banza. Ga yatsu goma suna zaune, ɗauki ɗaya."

Na ce, "Kai da ba ka san inda cokali yake kwana a gidan nan ba?"

Ya ce, "Sai ki nuna min, ai ba yau zan mutu ba."

Muka fara gwadawa da ruwa don kada a yi asarar madara. Nevena, na yi dariya har da hawaye! Hannun mai saran itace ne, fata kamar ɓawon bishiya. Ruwa na tururi ya tsoma yatsa, ya ƙirga arba'in, yana tambayata ko na hura wutar ma. Daga ƙarshe muka dace da ƙaramin yatsansa na hagu, wanda gatari ya taɓa yanka, fatar wurin sabuwa ce mai laushi.

Sai wata matsalar: ta yaya zan faɗa masa zafin da nake nufi? Na ce ba na wanka ba, ba na shayi ba. Ya yi ta ƙara ruwan sanyi yana tsomawa, can ya tsaya cak. Ya ce, "Wannan goshin Nevena ne, ranar da ƙyanda ta kama ta na goya ta zuwa asibiti." Kina shekara uku a lokacin. Ban taɓa zaton yana riƙe da ranar ba, mutumin da ranar aurensa ma sai an tuna masa. Na juya ina goge tebur don kada ya ga fuskata, na ce masa ya ƙara zafi kaɗan a kan haka.

Gobe za mu buɗe kwalbar. Ki yi mana addu'a.

Mahaifiyarki,
Tsvetana

Borovo, 15 ga Afrilu

Nevena 'yar albarka,

Ina gaishe ki da kyau, ki gaida mijinki.

An yi. Ni na tafasa, shi ya tsoma yatsa yana ƙirgawa da ƙarfi kamar ɗan makaranta. Sau huɗu yana cewa "tukuna". A na biyar ya ce, "Zuba." Na juye irin duka, ban rage ko cokali ba. Muka ɗura madarar a kwalabe, muka nannaɗe su da tsohon kwat ɗinsa, ya ja kujera ya zauna gadi wuni guda, ya kori kyanwa, ya kashe rediyonsa da kansa, wai kada hayaniya ta tayar da kindirmon daga barci. Da yamma muka sauke su ɗakin ƙasa.

Jiya da safe muka hau da kwalba ɗaya, muka zauna muna kallonta, kowa na jiran ɗan'uwansa ya buɗe. Da zan miƙa hannu sai na ji ya ƙi tasowa. Na duba ƙasan tebur, ashe yana cikin nasa. Na ce, "Tun yaushe?" Ya ce, "Tun da muka zauna. Buɗe da ɗayan." Ban ji ɗumin hannunsa ba, kuma wannan ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma daɗin da na ji ya fi ciwon yawa.

Na buɗe da hagu, na soka cokali a tsakiya, na saki. Nevena, cokalin ya tsaya ƙyam!

Yanzu babanki yana dandali yana gaya wa kowa cewa kindirmonsa ya fi na matan garin nan. Na ƙyale shi. Ke dai ki zo a watan Agusta da yatsanki, shi zai koya miki.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Tsvetana