Yatsu Biyu na Ƙafar Baba

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, gida ba lafiya. Ciwon sukarin Baba ya cinye yatsu biyu na ƙafarsa ta hagu. Likita ya ce a yanke su kafin Alhamis, in ba haka ba ƙafar ce gaba ɗaya za ta tafi. Baba ya ce da abinsa ya zo duniya, da abinsa zai koma. Na yi kuka, na yi magiya, ya juya fuska bango. Ke da aikinki koya wa kwamfuta shawo kan mutane, yau ga ranarki. Don girman Allah ki yi wani abu.

Yayarki.

Yaya,

Ina gaishe ki, ya mai jiki? Manhajar kwamfutar tamu mashaya taba take lallashi su daina: ta fara ba mutum gaskiya, ta yabe shi, ta kawo misalin sa'o'insa, sannan ta ɗan tsorata shi. Na zayyana mata halin Baba kaf, ta rubuta wasiƙar da na haɗo da wannan. Ki karanta masa a matsayin tawa, kada ki tona.

Ƙanwarki.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yayarki ta karanta min takardar. Ta yi daɗi ƙwarai, sai dai ba ke kika rubuta ba. Tun da kika iya magana ba ki taɓa ce min "gaskiyarka ne" ba, yau ga shi sau uku a shafi ɗaya. Shekara arba'in ina tela, na san ɗinkin hannu, na san na inji. Ki gaishe min da injin naki. Ƙafata tana nan yadda take.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka, ka yafe min. Wannan karon ni ce. Ba gaskiyarka ba ne, taurin kai ne, kuma a wurinka na gada. Tsoro kake ji don Mama ta shiga ɗakin tiyata ba ta fito ba. Ni ma tsoron nake ji. Dabara ta ƙare min, Baba. Ban shirya zama marainiya gaba da baya ba.

Autarka.

Auta,

Yanzu na ji muryarki, mara kunya. Ban sa hannu ba tukuna. Takardar likita tana ƙarƙashin matashina, biron kuma ke za ki kawo. Ki taho Laraba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.