Bayan Ruwa Ya Tafasa

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Saura kwana biyar jarrabawar shiga makarantar koyon jinya. Karo na uku ke nan, kuma na ƙarshe, don baɗi shekaruna sun wuce ƙa'ida. Malam Lucas, mai zuwa daga Wusasa yana yi mana darasi a Ƙofar Doka, ya ba mu lissafi: zafi nawa ake buƙata ruwa kilo biyu, mai digiri ashirin da biyar, ya zama tururi kaf? Na samu jul dubu ɗari shida da talatin, da jul ake auna yawan zafin. Ya ce, "Sailuba, kin tafasa ruwan kin tafi kin bar shi." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Talata, 4 ga Yuni
Wanki, girki, ciwon kai. Ban buɗe littafi ba.

Laraba, 5 ga Yuni
Kuskuren dai shi ne. Da na kai digiri ɗari sai hannuna ya tsaya. Wai akwai wani zafi da ruwa ke sha bayan ya tafasa, alhali digirin bai motsa daga ɗari ba. To ina yake zuwa? Na gaji wallahi. Bara ma irin wannan ce ta kayar da ni.

Alhamis, 6 ga Yuni
Ina dafa wake, ina ta tura itace don in gama in koma karatu. Iya ta fito ta zare guda biyu, har da harara.
"Ke, tukunya in ta tafasa ta tafasa. Ƙarin wutar nan ruwanki kawai yake kwashewa."
Na ce sauri nake yi. Ta ce saurin me, tafasa ai nan da nan ne, ƙafewar ruwa ce mai cin itace.
Matar da ko aji ɗaya ba ta shiga ba! Na zauna a bakin murhu na sake lissafin. Mataki na biyu: jul miliyan huɗu da dubu ɗari biyar da ashirin. Ya ninka na farko sau bakwai. Haushi ya kama ni, ban ma san na wa ba.

Asabar, 8 ga Yuni
An yi. Tambayar ta fito, da kilo uku. Na yi matakan biyu. Sauran kuwa Allah masani, ban sa rai ba.
Da zan dawo na biyo ta shagon Jamilu tela a Ƙofar Kibo. Ba wani abu, hanya ce. Na dai tambaye shi farin yadi nawa ke isar mace mai tsayina, in rigar masu jinya za a ɗinka.