Ki Riga Rediyo Isa Wurin Mama Ladi

Unguwar Dubantu, Haɗejiya,
Litinin, 5 ga Satumba, 1994.

Zuwa ga ƙanwata Gumsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Shu'ibu da yara, Ya kuma ci gaba da tsare shi a bakin aikinsa na jirgin ƙasa. Mu nan sai godiya. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta yi ta faɗa da kaji. Ruwa bana ya yi yawa, kogi ya cika ya tumbatsa, rabin shinkafarmu ta fadama ta nutse, amma geron tudu ya yi kyau, ba mu da abin cewa sai alhamdu lillahi.

Za ki ga ban aiko ta gidan waya ba, na ba Bala direba, mai kai bandar kifi can Kafanchan, don gobe da safe zai tashi, jibi yana wurinku. Akwai dalilin gaggawar, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Kin san shirin gaishe-gaishen nan na rediyo da ake yi duk Asabar bayan la'asar, wanda kike yi mini tsiya a kansa, kina cewa Yaya tana gaida mutanen da ko a hanya ta gamu da su ba za ta gane su ba. To, gaskiyarki. Mu kusan talatin ne a wannan yanki muke aika kati, muna kiran kanmu Zumuntar Bakin Kogi, shekara bakwai ke nan muna gaida juna, yawancinmu kuwa ba mu taɓa haɗa ido ba. A cikinmu akwai Malama Rut Istifanus, mai koyarwa a firamare a Guri, mutuniyar Kagoro ce, nan kusa da ku. Mijinta ya rasu tun shekara biyar da suka wuce, Allah bai ba su haihuwa ba. Ita ce ta fara gaishe ni a rediyo lokacin da na yi ɓari, ba ta san ni ba, ban san ta ba. Tun daga nan muka ƙulla.

A watan jiya katinta ya ɗauke, Asabar biyu ba a ji sunanta ba. A al'adarmu in mutum ya yi shiru haka, wanda ya fi kusa da shi ke zuwa dubawa. Na nemi izinin maigidana Malam, na bi mota har inda ruwa ya yanke hanya, muka ƙarasa Guri a kwalekwale. Na iske ta kwance, ta rame, ko alƙalami ba ta iya riƙewa da kyau. Muka kawo ta asibiti nan Haɗejiya. Likita ya ce ƙari ne a cikinta, sai an yi mata aiki a Kano, an sa ranar ashirin ga wannan wata. Bai ɓoye mana cewa ciwon babba ne ba, amma ya ce ya ga waɗanda suka fi ta jin jiki sun tashi, in dai an samu jini an kuma ciyar da ita kafin ranar.

Gumsu, da kin ga asibitin nan ranar da labari ya zaga baki da baki, da kin daina yi mini dariya. Mutane suka yi ta zuwa, kowa sai ya faɗi sunansa na kati kafin a gane shi. Auta na Baturiya, wanda duk muke zaton saurayi ne saboda rawar kan gaisuwarsa, ashe tsoho ne masunci, gemu fari fat. Ya zo da kifi ɗanye a ƙwarya, ya kuma nace sai an ɗebi jininsa. Ma'aikaciyar jinya ta ce Baba, naka ma da ƙyar yake isar ka. Ya yi fushi har ya ƙi zama a benci. Mutum shida aka gwada jininsu ya dace, sun kuma yi alkawarin binmu Kano. Ni da matan cocinsu muke karɓa-karɓar zama da ita. In sun zo yin addu'arsu na ba su wuri, in lokacin sallata ya yi su ke shimfiɗa mini tabarma.

Ga inda maganar take. Rut tana da tsohuwa a Kagoro, Mama Ladi, idonta ya yi rauni, ga hawan jini. Ba ta karanta wasiƙa, sai dai duk Asabar ta zauna da rediyo a cinya. Kowannenmu yana da kalmar da yake rufe katinsa da ita, ta Rut kuwa ita ce, Mama, 'yarki tana nan garau. Da wannan kalma tsohuwar take sanin lafiyar 'yarta shekara da shekaru. Shi ya sa Rut ta hana kowa sanar da ita, ta kuma roƙe ni in riƙa rubuta kati da sunanta. Na yarda, ta faɗa na rubuta, har muka zo kan kalmar ƙarshe, sai hannuna ya tsaya. Na ce mata ba zan iya rubuta garau ba alhali ina kallon ta ko kunu ba ya zama a cikinta. Ta harare ni, ta ce ita ta ɗauka ƙawa ta samu, ashe alƙali ne. Na ce ta kira ni duk abin da ta so. Haka muka aika kati biyu, gaisuwa cikakkiya amma ba kalmar nan, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, don a makarantar allo an koya mana cewa shirun da aka yi don a rufe mutum ɗan'uwan ƙarya ne.

Ashe tsohuwa ba ta barci. Shekaranjiya muna sauraro a bakin gadon, sai ga kati daga Kagoro, wani maƙwabcinta ya rubuta mata. Ba ta gaida kowa ba, tambaya ɗaya ce kawai: “Rut, na ji gaisuwa, amma ina sauran maganar?” Rut ta juya fuska ga bango.

Muna cikin wannan sai ga Mala Tukur na Kaugama, dattijon ƙungiyarmu, ya shigo da fara'arsa yana ba mu labari cewa tun Litinin ta wancan mako ya aika kati yana roƙon duk masu sauraro, Musulmi da Kirista, su sa Malama Rut a addu'a, tana kwance rai a hannun Allah. Bawan Allah bai san da zancen tsohuwa ba, alheri ya nufa, kuma abin da muka saba yi wa kowa ke nan. Da aka gaya masa, hularsa ya cire ya rasa inda zai ajiye ta. Ya rubuta wa mai gabatar da shirin a janye, amma katuna a buhu suke, wa zai tsaya tonowa? Kati yakan yi mako ɗaya zuwa biyu kafin a karanta, ke nan Asabar ɗin nan mai zuwa ana iya jin sa. Ban ga laifinsa ba, wataƙila ma Allah ne Ya turo shi, don a ranar Rut ta kama hannuna ta ce, “Yakaka, in dai za ta ji, to ta ji daga bakin mutum, wanda zai riƙe ta.”

Ke ce mutumin nan, Gumsu. Ki roƙar mini Malam Shu'ibu ya bar ki ki je ranar Alhamis, in ta ƙure Juma'a da safe. In kin sauka Kagoro ki tambayi gidan Bulus mai zuma, bayan cocin da ke gindin dutse, ɗakin Mama Ladi yana cikin gidan. Ki fara ganin matar Bulus ɗin, Tani, ku shiga tare. Kada ki yi mata dogon kewaye, ta riga ta tsargu, jan rai zai fi yi mata illa. Kada kuma ki ƙara ko ki rage. Ki ce ciwo ne babba, za a yi aiki ran ashirin, likita yana da kyakkyawan zato, jini yana nan, 'yarta tana magana har da tsiwa, kuma ba ta taɓa yini ita kaɗai ba. Duk wannan gaskiya ne, zan iya dafa Alƙur'ani a kai. In ta ce za ta zo, na kuma san za ta ce, Bala zai juyo ranar Lahadi, ya yarda ya ba ta gidan gaba ita da Tani. Na share ɗakin da ke kusa da na Iya.

Ban ji ko ɗar ba da na ɗora miki wannan. Na san bakinki, ke ce kika gaya wa Iya rasuwar Baba, ta kuma ce har gobe tana gode miki yadda kika faɗa. Rai da ajali na Allah ne, amma zuciyata tana ba ni Rut za ta koma ajinta, za ta kuma rubuta katinta da hannunta.

Ki gaida Malam Shu'ibu da kyau, ki ce na san na takura masa. Ki shafa mini kan Abdulwahid da 'yar autarki. Iya tana gaishe ku, ta ce kada ki manta ki aiko mata da citta. Malam ma yana gaisuwa, haka Rut, wadda ta ce in gaya miki mamarta tana son goro fari amma kada ki ba ta fiye da ɗaya. Kada ki ɓata lokaci wajen ba ni amsa. Amsar da nake jira ita ce in ga tsohuwar nan tana saukowa daga motar Bala.

Wassalam. Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa a bakinki alheri.

Ni ce yayarki,
Yakaka.