Layin Da Ƙafata Ta Ƙi

Daren Laraba, Samaru

Tun shekarar da iska ta yaye kwanon cocinmu nake buga tanis gefe ɗaya da Sunday, mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Yau ya bar ni.

Filin aka rage, aka shafa sabon fenti, wai don wani sabon wasa, pikulbol. Ƙwallon ta roba ce mai huji-huji. Daga ƙasan ƙugu ake bugun farko, kuma sai ta dira sau ɗaya a kowane gefe kafin a tare ta a sama. Duk na haƙura. Amma akwai wani layi kusa da raga, in ka taka shi ba ka da ikon dukan ƙwallo a iska. Ni kuwa a bakin raga na yi suna. Ba wanda ya koya min, ƙafata ce ta sani.

Yau ta yi ta kai ni can, ana ta ƙwace mana bugu. Sunday ya ce, "Haba Audu, ja baya mana! Tsohon filin ya mutu."

Na ce, "Ni na ja masa layi da farar ƙasa. Ina ganinsa a ƙarƙashin fentin nan."

Zagaye na gaba ya ɗauki wani malamin makaranta, ni na koma benci. Ko waiwaye bai yi ba.

Gobe da sassafe zan riga kowa zuwa, in tsaya bayan layin nan har ƙafata ta haddace shi. Amma Sunday ne zai fara gaishe ni.