Tafiyar Kaka Soja a Wajen Gayya

Kiru, daren Laraba, daminar 1954

Yau a gayyar gonar Malam Sule na yi abin kunya. Mai ganga ya saki kiɗa, samari suka ce, "Audu, yi mana tafiyar Kaka Soja!" Na saɓa fartanya kamar bindiga, ina jan ƙafa, ana ta dariya har da riƙe ciki.

Da yana raye haka nake tsokanarsa, wasan jika da kaka, ya biyo ni da sanda yana dariya. Da ɗingishin nan ya dawo daga yaƙin Jamus a Kamaru, bai taɓa faɗa mana yadda aka yi ba. Bara muka binne shi.

Ina juyowa sai ga Iya, matarsa, da ƙwaryar fura a ka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi faɗa ba. Ta sauke ƙwaryar, ta dube ni, ta ce, "Angona, ta hagu yake ja, ba ta dama ba. Har ka manta?"

Wallahi na manta. Allah ya jiƙan Kaka. Furar ma na kasa sha.