Hula Ɗaya, Kawuna Uku

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar mini da manhajar gina shafin ciniki.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan lafiyarka ta fi ta manhajarku.

Ni tsohon malamin sakandare ne, na koyar da lissafi har furfura ta cim mini. Da fansho ya ƙi zuwa, na buɗe shagon huluna a unguwar Lamisula. Bara wakilinku ya zo cikin kwat, ya ce duniya za ta ga hulunana. Ta gani kuwa.

Ƙorafi na ɗaya. Hular Bama ba sabulu ba ce, kowace da zanenta, ba ta da 'yar'uwa. Na ɗora wata mai ruwan zuma a shafin, manhajarku ta sayar da ita ga mutum uku a wuni guda, ta yi wa kowanne godiya da sunana. Na farko ya ɗauka. Na biyu ya zage ni, ya haƙura. Na uku ango ne, ɗan abokin karatuna, ranar Asabar ɗaurin aurensa, har ya ɗinka babbar riga daidai launin hular.

Ƙorafi na biyu. Na rubuta wa sashen taimakonku, gurbin rubutun ya cika ban gama gaisuwa ba. Aka amsa cewa ƙorafina yana da muhimmanci. Ofishin fansho ma haka yake ce mini. Da na matsa, wani ya ba ni shawara in sa masana'anta ta ƙaro kaya. Masana'antar sunanta Ya Falmata, tana Khaddamari, allura ɗaya gare ta da ciwon baya. Wata guda take yi a kan hula, in jikoki sun bar ta.

Ƙorafi na uku. Kun rufe maganar, wai an warware, har kuna roƙon in ba ku taurari biyar na yabo.

Roƙona kaɗan ne. Ku koya wa manhajarku cewa ɗaya ɗaya ne. 'Yan aji ɗaya sun iya. Ku kuma ajiye mutum mai numfashi da zai ɗaga waya.

Angon dai na aika masa da hulata ta Sallah, ita ce mafi kusa da launin. Ta yi masa yawa, amma uban bai daina gaishe ni ba. Zan je ɗaurin auren da ta zaman shago, in zauna a sahun baya.

Allah ya ƙara maka girma, ya tsare ka daga buƙatar sashen taimakonku.

Wassalam,
Tsohon malami, mai huluna a Lamisula, Maiduguri.